Kujera ta Biyar

"Mama! Don Allah ajiye gugar nan ki zo ki duba ƙyauren nan!"

Mama ba ta ko ɗago kai ba. Ta juya rigar Abba a kan tebur, ta ci gaba da guga. "Ƙyauren wa? Namu, ko na miyagun nan naki?"

"Na miyagun mana. Kin ga maƙalarsa? Ta yi ja! Tsatsa ce, wallahi tsatsa ce!"

"To Allah ya ba su mai gyara. Namu na banɗaki wata uku yana kuka, ba ki taɓa kirana in gani ba."

Fensir ta tuntsire da dariya, ta sake mayar da bidiyon baya a karo na ashirin. Tun tana firamare ake kiranta Fensir, don ba a raba ta da fensir a soke a gefen ɗankwali. Yanzu shekararta ashirin da huɗu, tana aikin zane a wani shagon buga fosta da katin gayyata. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinta tun ƙuruciya shi ne komik, littattafan nan da ake ba da labari da zane. Kwanan nan aka sanar za a yi fim daga wanda ta fi so, kuma ba fim ɗin jarumai ba, na miyagun labarin ne, za a tara su wuri ɗaya su yi aiki tare. Masu bibiya har sun raɗa masa suna, Gayyar Miyagu. Saura wata biyar ya fito.

Tirelar da aka saki, wato ɗan guntun tallan fim ɗin, ba ta wuce sakan arba'in ba. Wani dogon tebur ne da kujeru biyar. A kujerar farko akwai wata tsohuwa mai farin gashi, shugabar gayyar, wadda kowa ke kira Tsohuwa, sai miyagu uku a gefenta. Kujera ta biyar babu kowa. Wannan kujerar ce ta raba masu kallo gida biyu. Wasu sun rantse ta Kurman Tsawa ce, wani ƙato mai rusa gini da ihu. Fensir kuwa ta kafe ta Uwar Tsatsa ce, matar da duk ƙarfen da ta taɓa sai ya ruɓe, wadda a littafin ba ta da abokiyar gaba irin Tsohuwa.

Sallama aka yi daga ƙofa. Injiniya ne, da jakar kyamara a kafaɗa da takarda a hannu. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi a wani kamfani, shi ne autan gidansu, kuma saura wata biyu a ɗaura musu aure da Fensir. A sashen kwament na wani bidiyo suka haɗu, suna musu kamar za su cinye juna, daga nan musu ya koma hira, hira ta koma abin da ta koma. Tare suka buɗe tasharsu a intanet, inda suke hasashen abin da zai faru a fina-finai. Ita ke fitowa, shi ke riƙe kyamara da rubuta rabin abin da za a faɗa, amma fuskarsa ba ta taɓa fitowa ba.

Ya durƙusa ya gaida Mama, sannan ya miƙa wa Fensir takardar yana murmushi. "Na ga tsatsar tun jiya. Karanta ƙasan nan. Idan kin gama kawo hujja, sai ki juye ki zama Uwar Tsatsa, ki faɗi abin da za ta faɗa ranar da ta shiga gidan gayyar."

Ta karanta, ta zaro ido. "Kai! Wannan bai yi zafi ba?"

"Zafin ake so. 'Yan Kurman Tsawa sai sun kasa cin abinci!"

Suka rataya labule baƙi a bango, ta yi bayaninta na minti ashirin da 'yan kai, ta nuna maƙalar ƙyaure, ta nuna shafin littafi. Daga ƙarshe ta murtuke fuska, ta nuna kyamara da yatsa.

"Ku jira in shiga gidan nan! Tsohuwar zan fara kawarwa, sauran kuma su durƙusa mini ko su bi ta!"

Injiniya ya fashe da dariya har kyamarar na rawa. "Yauwa! Sake, ki ƙara ɗaure fuska!"

Mama ta girgiza kai tana naɗe wayar dutsen guga. "Manyan banza. Allah ya shirya min ku."

Kwana goma bayan nan, da la'asar, Fensir ta dawo daga aiki ta tarar da mota a ƙofar gida. Ta Injiniya ce. Ta shiga da fara'arta, sai ta ga falon kamar an yi rasuwa. Umma, mahaifiyarsa, tana zaune a kan doguwar kujera, ta haɗe hannu a cinya. Kusa da ita Anti Nas, babbar yayarsa, ko farar rigar asibiti ba ta cire ba. Shi kuwa yana can kusa da ƙofa a tsugune, ido a ƙasa. Ruwan da Mama ta kawo ko taɓa shi ba a yi ba.

Fensir ta durƙusa. "Umma, sannu da zuwa. Ya ƙafar?"

Umma ta kawar da kai. Anti Nas ce ta miƙo waya. "Ajiye gaisuwar. Wace ce wannan?"

Fuskarta ce a murtuke, da yatsa a miƙe. Sakan goma sha ɗaya kacal. An yanke duk bayanin, an bar kalmomin nan kawai, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: AMARYA TA YI WA SURUKARTA ALKAWARI.

"Ni ce, Anti. Amma wallahi ba haka..."

"Ke ce! Alhamdulillahi da ba ki musa ba. A wurin aiki aka nuna min, gaban marasa lafiya! Wata ta ce, ba wannan ce ƙaninki zai aura ba? Ƙasa ce kawai ba ta tsage na shige ba. Uwar tamu za ki kawar? Mu kuma mu durƙusa miki?"

"Anti, fim ne! Wani fim ne da zai fito, akwai wata Uwar Tsatsa, ni kwaikwayonta nake yi. Tsohuwar da na ce shugabar miyagu ce, ba..."

"Shugabar miyagu!" Anti Nas ta tafa hannu. "Umma, kin ji wani sabon sunan kuma!"

"Haba Anti! Ki bar ni in ƙarasa mana! Wasu ne da muke musu da su a guruf ɗinmu na masu hasashe a waya suka yanke shi don su yi min dariya, daga can ya fita. Bidiyon minti ashirin da shida ne, ki kalla duka!"

"Ni ce zan zauna kallon shirme minti ashirin da shida? Abin da na ji da kunnena ya ishe ni. Yarinyar kirki ma me ya kai ta shiga rigar muguwa? Cikin duk mutanen fim ɗin, muguwar ce ta burge ki. Ai abin da ke cikin mutum shi yake kwaikwayo. Wa ma ya riƙe miki kyamarar?"

Fensir ta juya ta dubi Injiniya. Bai ɗago ba.

"Wanda ya riƙe ya san kansa," ta ce a hankali.

Mama ta gyara zama. "Injiniya, kai fa? Tun da kuka shigo ba ka ce komai ba. Ba ka da abin faɗa wa mahaifiyarka?"

Ya share gumi da bayan hannu. Ya dubi Umma, ya dubi yayarsa, ya mayar da ido kan tabarmar ƙofa.

"Ni... ni ma yau na gani, Mama."

Mama ta zabura za ta miƙe. "Yau ka me? Kai da a falon nan..."

Fensir ta cafke wuyan hannunta, ta matse da ƙarfi. "Mama. Don Allah."

A lokacin ne Umma ta yi magana. "Lokacin da aka yi min aikin gwiwa, yarinyar nan kwana huɗu tana zuwa tana zama da ni. Na ce Allah ya ba ni wata 'yar. Ban san me ke zuciyarta ba. Ni ba zan yi faɗa ba. Amma maganar auren nan a dakata tukuna."

Suka tashi. Shi ya riƙe wa Umma jaka, ya buɗe mata mota, bai waiwayo ba.

Ƙarar motar ba ta gama ɓacewa ba Mama ta fizge hannunta. "Me ya sa kika hana ni? Ni ina tsaye ina guga ya kawo takardar! Da idona na gani! Ya zauna a falona ya yi min ƙarya, ke kuma kina rufe min baki?"

"Idan daga bakinmu ta fito, za su ce mun ga aure zai lalace ne muka shafa masa. Kuma Mama..." Ta sassauta murya. "So nake in ga ko za ta fito daga nasa bakin. Idan sai na tona shi kafin a yarda da ni, to wa zan aura?"

Takardar tana nan a cikin durowarta, da rubutun hannunsa ɓaro-ɓaro. Ta ɗauko ta, ta duba, ta mayar ta rufe.

Washegari a shago ta gane abin ya wuce falonsu. Wata mata da ta zo karɓar katin gayyata ta tsaya tana kallonta, ta zunguri ƙawarta. "Ita ce fa. Mai kawar da tsohuwa." Kafin azahar mai shago ya kira ta gefe, yana sosa ƙeya, ya ce ta bar kantar gaba, inda ake karɓar kwastoma, ta koma ɗakin baya wurin injin yanka takarda har ƙura ta lafa. Shekara uku tana karɓar kwastoma da fara'a, yau an ɓoye ta bayan kwalaye kamar kayan da suka lalace.

Nan Injiniya ya same ta a rana ta uku, da kayan aikinsa a jiki. Ya tsaya tsakanin naɗaɗɗun takardu yana murza hula.

"Na kira ki ya fi sau talatin."

"Na gani."

"Ki saurare ni, don Allah. Na samo mafita. Ki goge tashar gaba ɗaya, ki je ki durƙusa wa Umma ki ce kuskure ne, sharrin ƙawaye ne. Tana da sauƙin kai, wallahi sati ɗaya ta huce. Anti ma zan san yadda zan yi da ita."

Fensir ta saki hannun injin. "Maimaita. In ce kuskuren wa?"

"Don a zauna lafiya ne kawai..."

"Wa ya rubuta maganar?"

"Fensir..."

"Na ce wa ya rubuta? Wa ya ce zafin ake so? Wa ya ce in ƙara ɗaure fuska?"

"Ni ne! Na sani ni ne! Amma ba ki san gidanmu ba. Ina aji uku babanmu ya tara komik ɗina a tsakar gida ya cinna musu wuta, ya ce ɗansa ba zai zama sakarai ba. Da ya rasu Anti ce ta tsaya a kaina har na zama abin da na zama. Kullum tana cewa autanmu mai hankali ne, ba ruwansa da wasan yara. Ta yaya zan dube ta in ce shekara biyu ina zaune ina lissafin wane mugu ne zai hau kujera?"

"Au! Kai kunya kake ji a ce kana wasan yara. Ni kuma a ce ina shirin kashe uwarka, wannan ba komai ba ne?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ka yi! Ka tsuguna kana kallon tabarma yayarka tana yanka ni. Ka dubi Mama, matar da take zuba maka abinci da hannunta, ka ce yau ka gani! Wallahi miyagun nan da muke ɓata lokaci a kansu, ban taɓa karanta shafin da ɗayansu ya yi shiru ana wulaƙanta abokin tafiyarsa ba. Su da aka ce miyagu ne!"

Ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi.

"Ba zan goge komai ba, don ban yi laifi ba. Ba zan ba da haƙurin abin da ban aikata ba. Kuma kada ka ji tsoro, ba zan tona ka ba. Takardarka tana wurina, ba mai gani. Ka je ka ci gaba da zama mai hankali. Ka ba ni hanya, ina da katin mutane da zan yanka."

Sati uku suka wuce. Fensir ba ta sake ɗora bidiyo ba, ba ta kuma amsa wa kowa a guruf ba, har waɗanda suka yanke bidiyon suka fara turo saƙon ban haƙuri a ɓoye, wai wasa suke yi, ba su san zai kai haka ba. An saki sabuwar fosta ta fim ɗin, masu hasashe suka yi ta kai-kawo a kan wata inuwa da aka gani a bayan kujerar, ita ko buɗewa ba ta yi ba. Ta rame. Da safe ta tafi ɗakin baya, da yamma ta dawo ta taya Mama aiki. Abba, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya ce mata sau ɗaya, "Idan kin ce in je gidansu, yanzu zan sa takalmi." Ta ce, "A'a Abba, a bar su." Mama kuwa kullum sai ta yi mita. "Wannan haƙurin naki ni ƙona min rai yake yi!"

A can gidan su Injiniya, Umma ce ta kasa sukuni. Tsohuwar malamar firamare ce, shekara talatin tana raba faɗan yara, kuma ta san ba a yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya. Abin da ya fi damunta shi ne autanta. Ya daina cin abincin kirki, ya daina haɗa ido da ita. Ta ɗauka baƙin cikin abin da yarinyar ta yi ne, amma baƙin ciki daban, rashin gaskiya daban, kuma ta san kamannin kowanne a fuskar yaro.

Ran nan ta ce wa Anti Nas, "Ni kam, me yarinyar nan ta faɗa kafin wannan maganar? Mutum ba ya buɗe baki haka kawai ya fara daga tsakiya."

"Umma, ke ma dai! Me za ta faɗa da zai wanke ta?"

Da hantsi, bayan kowa ya fita aiki, Umma ta sa tabarau, ta ƙura wa guntun bidiyon ido har ta karanto sunan tashar a ƙuryar sama. Da yatsa ɗaya ta rubuta shi, ta yi kuskure sau uku, a na huɗu ya fito. Ta jingina wayar da kofin shayi ta zauna.

Ta ga tebur da kujeru biyar. Ta ga Tsohuwa mai farin gashi da sanda mai kan maciji. Ta ji yarinyar tana bayani tiryan-tiryan kamar malama a aji, ga hujja ta ɗaya, ga ta biyu, ga shafi na kaza. Ta ji ta ce, "To yanzu bari in zama Uwar Tsatsa, ku ji abin da za ta faɗa wa gayyar." Sannan maganar ta zo, a wurinta, da ma'anarta. Umma ta dafe ƙirji. "Innalillahi. Mun zalunci 'yar mutane."

Ta kai hannu za ta kashe, sai hoton ya yi rawa, wata dariya ta tashi daga bayan kyamara. Dariya mai shaƙewa a ƙarshe, irin ta marigayi mijinta. "Yauwa! Sake, ki ƙara ɗaure fuska!"

Umma ta mayar baya. Ta sake mayarwa. Sannan ta cire tabarau ta ajiye.

Ranar Lahadi bayan an ci abincin rana ta ce su biyun su zauna. Ta ɗora wayar a tsakiyar tebur.

"Auta, kafin in kunna wannan, akwai abin da kake son gaya min?"

Ya buɗe baki, ya rufe. Ta kunna. Anti Nas ta fara tsaki, Umma ta ɗaga mata hannu. "Za ki kalla duka, yau ba ki da aiki." Minti biyar, minti goma. Tsakin Anti ya ragu. A minti na ashirin Injiniya ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Umma, tsayar. Ni ne. Ni na riƙe kyamarar, ni na rubuta maganar da hannuna. Tashar tamu ce mu biyu, shekara biyu ke nan. Ita har cewa ta yi ya yi zafi, ni na ce ta faɗa."

"Ka makara. Tun ranar Alhamis na ji muryarka. Kwana uku ina jira ka zo da ƙafarka."

Anti Nas ta miƙe tsaye. "Kai? Kai ne kake wannan shirmen? Duk tarbiyyar da..."

"Zauna!" Umma ta daka mata tsawar da ba ta yi ba tun suna yara. "Shirme ba zunubi ba ne! Wa ya cuta don ya zauna yana cankar wanda zai hau kujera a fim? Ƙarya ce zunubi! Ke kin ɗauki magana sakan goma sha ɗaya kin rusa auren ƙaninki, aka ce ki kalli sauran kika ce ba ki da lokaci. A asibitin naku haka kuke yi, ku ga rabin takardar gwaji ku yanke wa mutum ƙafa? Ni ma na bi ki, da girmana, da furfurata!"

Ta juya kan ɗanta, hawaye na zubo mata. "Kai kuma, ni ka sa na shiga gidan mutane na ci mutuncin 'yarsu, kana tsugune kana ji. Yarinyar tana da hanyar tona ka, ta dube ka ta rufa maka asiri. Uwarta ta buɗe baki ta hana ta. Wannan ita ce muguwar? Ban haifi matsoraci ba, Auta. Ban san lokacin da ka zama ba."

Da yammar ranar ya kafa kyamarar a ɗakinsa, ya zauna a gabanta karo na farko. Ya faɗi ko shi wane ne, ya nuna fuskarsa, ya ce shi ya rubuta maganar, kuma da aka tuhumi wadda zai aura ya yi shiru don tsoro. Ya ɗora a tashar, ya tura guruf, ya tura wa Anti Nas ya ce ta nuna wa duk wadda ta nuna mata na farko.

Washegari Umma ba ta aika ba, da kanta ta je shagon, tana dogara sanda, Anti Nas na biye da ita. Mai shago ya rikice ya nuna musu ɗakin baya. Fensir na ganinsu ta miƙe za ta durƙusa, Umma ta riƙe kafaɗarta.

"A'a. Yau ba ke za ki durƙusa ba. Da gwiwar nan za ta lanƙwasu da ni na yi. 'Yata, na kalla duka. Ki yafe min."

Sati uku Fensir ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Nan ta kifa kai a kafaɗar Umma ta yi ta yi har da shessheƙa. Anti Nas ta tsaya tana murza zoben hannunta, da ƙyar maganar ta fito. "Ni ce na fi kowa laifi. Kin ce in kalla, na ƙi. Na je na gaya wa mutanen wurin aikinmu gaskiya da bakina. Ki yi haƙuri, ƙanwata."

"Ya wuce, Anti."

Umma ta share mata fuska da gefen mayafi. "Amma fa ina da gyara a bayanin naki. Tsohuwar nan ban yarda da ita ba. Duk wadda ta tara miyagu a tebur ta bar kujera ɗaya ba kowa, tarko ta ɗana. Ki rubuta ki ajiye."

Fensir ta ɗago da jajayen idanu, dariya ta ƙwace mata cikin kuka. "Umma! Wallahi ba wanda ya taɓa kawo wannan a guruf!"

Injiniya kuwa bai samu da sauƙi haka ba. Ya je ya durƙusa gaban Abba da Mama, Mama ta wanke shi tas, tun daga takarda har zuwa "yau na gani", bai ɗago ba sai da ta gaji don kanta. Da aka ba shi dama ya ga Fensir a falo, ta bar shi ya gama duk ban haƙurinsa, sannan ta ce:

"Na yafe maka. Amma auren ba wata mai zuwa ba, a ƙara wata uku. Ina son ka, ban daina ba ko a ranar da ka ƙi ɗago kai. Sai dai ina so in ga wannan mutumin da ya zauna gaban kyamara jiya, ko zai daɗe, ko na rana ɗaya ne."

"Ko shekara kika ce zan jira."

"Ban ce shekara ba, kada ka ƙara min. Abu ɗaya nake roƙo. Rayuwa tana da tsawo, za a sake zargina wata rana, a gidanku ko a waje, da gaskiya ko da ƙarya. Idan na yi laifi ka faɗa min a fuskata. Idan ban yi ba, kada in waiwaya in ga kana kallon ƙasa."

Ya jira wata ukun, bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Mai shago ya mayar da ita kantar gaba da kansa, yana ta ba da haƙuri. Aka ɗaura aure cikin mutunci, kuma duk wanda ya san gidan ya san babu surukar da ake ji da ita kamar Fensir, don Umma ba ta yarda a yi maganarta a bayan idonta, ko da wasa.

Masu karatu, hasashe a kan fim ba ya kashe kowa, idan ka canka daidai ka yi murna, idan ka kuskure ka yi dariya. Amma mutum ba tirela ba ne da za a ga ɗan guntunsa a yanke masa hukunci. Kafin ku ɓata sunan wani, ku saurari maganarsa daga farko har ƙarshe. Wanda kuma aka zalunta ya riƙe gaskiyarsa, kada ya ba da haƙurin laifin da bai yi ba, kada kuma fushi ya sa ya tozarta wanda yake so. Ku kuma samari, ku sani so ba a saƙon waya ake gane shi ba. Ana gane shi ne ranar da aka taso wa wadda kake so a gaban danginka, aka juyo aka ce, kai fa, me ka ce?